Me ya sa ake ƙin ba da haƙƙin ƙirƙira kan batirin da aka danƙara daga garin sinadarai?

Tambaya: Mu masu bincike ne, mun nemi haƙƙin mallakar ƙirƙira a Amurka da Turai kan batirin litiyam marar ruwa. Shimfiɗa uku ne, katod da anod (ɓangarori biyu na batirin) da ilektirolait (shimfiɗar tsakiya da litiyam ke ratsawa), dukansu daga garin sinadarai, an danne su da matsin MPa (megafaskal, ma'aunin matsi) 300 zuwa 500, muka kuma rubuta cewa kafofin da suka rage a ciki ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ofisoshin biyu sun maido mana da takarda, wai abin ba sabo ba ne, wai kuma ma'aunin kafofin bai fito fili ba. Alhali ba mu ga wanda ya taɓa bin tsarin dannawarmu ba. Ina kuskuren yake, kuma me zai gyaru?

Amsa: Malam, kuskuren yana cikin maganarka ta ƙarshe. Kai hanyar dannawa kake karewa, shi kuwa jami'in tantancewa abin da ya fito daga injin yake dubawa. Muddin da'awarka, wato jimlar da ke zana iyakar abin da kake neman a mallaka maka, ta fara da kalmar "batiri", to abu kake neman a kare maka, ba aiki ba. Mutum biyu suka buga bulo, ɗaya da hannu ɗaya da inji, in bulon ya fito iri ɗaya har ba mai iya bambancewa, na biyun ba zai ce ya ƙirƙiro sabon bulo ba. Yana iya cewa ya ƙirƙiro sabuwar hanyar bugawa, amma wannan da'awa ce dabam, kuma dabam ake rubuta ta.

Manyan ofisoshin duk sun haɗu a kan wannan. A Amurka hukuncin kotu a shari'ar Thorpe na 1985 ne madogara, yana nan a sashe na 2113 na littafin jagoran jami'an ofishin: abin da aka siffanta ta hanyar yadda aka yi shi, da shi kansa ake auna sabuntarsa, ba da hanyar ba. Ofishin Turai da ke Munik haka yake gani, sabuwar hanya ba ta mayar da tsohon abu sabo. Japan ma ta fi tsanani. Tun hukuncin kotun ƙolinta na 2015, irin wannan da'awa ana ɗaukarta marar fayyacewa sai in mai nema ya nuna cewa siffanta abin ta ƙirarsa ba zai yiwu ba, ko kuma wahalarsa ta wuce hankali. Kuma a Amurka asarar biyu ce: wajen tantancewa ba a lissafa maka hanyar, amma ranar da ka kai ƙarar mai kwaikwayo, tun hukuncin Abbott da Sandoz na 2009, sai ka tabbatar cewa da wannan hanyar ya yi nasa.

Yanzu ka duba abin da jami'in ke gani idan ya buɗe rumbunsa. Takardarka tana faɗawa rukunin H01M 10/0562, na daskararren ilektirolait, da 10/0585 na batura masu shimfiɗaɗɗun sassa, da 4/043 na haɗa ilektirod, wato katod ko anod, ta hanyar dannawa. Waɗannan rukunai cike suke da takardun kamfanonin Japan da Koriya, irin su Toyota da Panasonic da Idemitsu da Samsung, ga kuma mujallun kimiyya. Takardu da yawa a cikinsu suna da misalin gwaji guda da ake maimaitawa. Ana ɗaukar mazubi mai faɗin milimita 10, bututun roba mai tauri da sandunan ƙarfe biyu, a zuba garin ilektirolait miligiram 80 zuwa 100, a danna kaɗan ya kwanta. Sai a barbaɗa garin katod kamar miligiram 10 a gefe guda, yawanci kashi 70 sinadarin katod da kashi 30 ilektirolait, a danna gaba ɗaya da tan 3. Fuskar mazubin santimita murabba'i 0.785 ce, don haka tan 3 ya kama MPa 375 ko kusa da haka. Ka ga ya faɗo tsakiyar 300 zuwa 500 ɗinka. Misali guda da ya faɗo cikin iyakokin da ka zana ya isa ya rushe sabuntar iyakokin duka, a sashe na 102 na dokar Amurka da kuma sashe na 54 na yarjejeniyar Turai.

Dalilin da ya sa kowa yake zagayawa a wannan matsin ba ɓoyayye ba ne. Ilektirolait mai farar wuta, irin Li6PS5Cl da aka bayyana danginsa a 2008, ko Li10GeP2S12 da ƙungiyar Kanno ta fitar a Tokiyo a 2011, ko gilashin Li2S da P2S5, taushi gare shi. Ƙwayoyinsa suna lotsewa su manne da juna ba tare da wuta ba, matsi kawai suke so. Na oksaid kamar Li7La3Zr2O12 tauri gare shi irin na tangaran, dannawa kaɗai ba ta haɗa shi, sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1000. Saboda haka duk wanda ke aiki da na farar wuta ya san ƙara matsi yana rage kafofi, rage kafofi kuma yana sauƙaƙa wa litiyam hanya. Abin da kowa ya san yana da tasiri, neman mafi kyawun adadinsa ba ƙirƙira ba ne a idon doka, aikin yau da kullum ne. Wannan shi ne hukuncin Aller na 1955 da jami'an Amurka ke jawowa kullum, kuma ko da iyakokinka sun ɗan goce daga misalan tsohuwar takarda, da shi za a tare ka a sashe na 103, wanda ke hana haƙƙi kan abin da kowane masanin fannin zai iya hangowa.

Za ka ce tsohuwar takardar ba ta ambaci kafofi ba sam. Gaskiya ne, amma shirunta bai cece ka ba. Hukuncin Best na 1977 ya ba jami'in damar cewa: gari iri ɗaya, matsi iri ɗaya, to sakamako ma iri ɗaya ne har sai ka nuna akasin haka. Ofishin ba shi da ɗakin gwaji, don haka nauyin hujja ya dawo wuyanka. Turai ma haka take yi da duk ma'aunin da mai nema ya shigo da shi wanda tsofaffin takardu ba su saba aunawa ba.

Batun kafofin kuwa, a nan gizo ke saƙar, kuma a ganina jami'an suna da gaskiya. "Kashi 10 cikin 100" ba shi da ma'ana sai an faɗi yadda aka auna. Ɗauki hanya mafi sauƙi, ta awon nauyi da kauri. Ka auna faifan ilektirolait, ka raba nauyinsa da girmansa, ka sami giram 1.55 a kowane santimita kubik, sai ka kwatanta da cikakkiyar danƙarewar sinadarin. To wace lamba za ka ɗauka? Ga Li6PS5Cl lambobi biyu ne ke yawo a rubuce-rubuce, 1.64 da 1.86, ta biyun ita ke fitowa idan ka lissafa daga ƙirar kiristal ɗin. Da ta farko faifanka ya danƙaru kashi 94.5, kafofinsa ba su kai 6 ba, yana cikin da'awarka. Da ta biyu kashi 83 ne, kafofinsa sun kusa 17, yana waje. Faifai guda, awo guda, hukunci biyu. Abokin gasarka da ke son sanin ko ya taka maka iyaka, ta yaya zai sani? Wannan tambayar ita ce dukan abin da sashe na 112 na Amurka da na 84 na Turai suke nufi. Ga kuma kauri: faifan miligiram 80 bai wuce milimita 0.66 ba, kuskuren maikiromita 20 a awo ya riga ya motsa sakamakon da kashi 3. Faifan kuma yana ɗan kumburowa idan an ɗage matsi, don haka awonsa a cikin mazubi dabam, bayan an fitar da shi dabam.

Sauran hanyoyin kowace da nata halin. Cusa zaiba buɗaɗɗun kafofi kawai take gani, rufaffun da ke can ciki ba ta isa gare su, kuma matsin da ake tura ta da shi yana iya kaiwa MPa 400, wato awon da kansa yana iya ƙara danne abin da ake aunawa. Tsomawa a ruwa ba ta yiwuwa, domin sinadarin farar wuta da ya ji danshi yana lalacewa ya fitar da iskar H2S mai guba, dole a nemi wani ruwan sinadari da ba ya taɓa shi. Hoton yanki da na'urar hange ta ilektiron yana da kyau, amma sakamakonsa ya dogara da yadda aka yanka. In an karya faifan da hannu ƙwayoyi suna zubewa su bar ramukan ƙarya, in an goge da takardar yashi taushin sinadarin yana shafe ramukan gaskiya, shi ya sa ake sassaƙa fuskar da harbin ƙwayoyin iskar agon. Bayan haka akwai girman hoton, da yawan wuraren da aka ɗauka, da inda aka tsayar da iyaka tsakanin baƙi da fari a kwamfuta. Kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka mai sauraron waɗannan shari'u ta soke haƙƙin kamfanin Dow a shari'arsa da Nova a 2015 kan irin wannan matsala, ma'auni guda mai hanyoyin awo da yawa da ke ba da amsoshi mabambanta, takardar kuma ba ta zaɓi ɗaya ba. A Turai ƙa'idar ita ce hanyar awon ta shiga cikin da'awar kanta, sai in duk hanyoyin amsa ɗaya suke bayarwa, ko kuma kowane masanin fannin ya san wadda ake nufi. Kafofin danƙararren gari ba su cika ko ɗaya daga sharuɗɗan nan biyu ba.

Akwai kuma tambayar da ake yawan mantawa: kafofin wace shimfiɗa? Na katod, wanda cakuɗen ƙwayoyi masu tauri ne da masu taushi, ba ɗaya suke da na ilektirolait ba ko da matsi guda ya danne su. Kuma a wane lokaci? Cikin sinadaran da ake yin anod da su, girafait yana kumbura kamar kashi 10 idan ya sha litiyam, silikon ya kusa ninka girmansa huɗu, katod mai yawan nikel kuma yana ɗan tsukewa lokacin caji har ya janye daga ilektirolait ɗin da ke kewaye da shi. Batirin da aka auna kafin cajin farko da wanda aka auna bayan zagaye 50 na caji da saukewa ba abu ɗaya ba ne. Girman ƙwayoyi ma haka: D50, wato matsakaicin girman ƙwayoyi, da aka auna da hasken leza ma'aunin sakakken gari ne kafin dannawa. Bayan an danne, ƙwayoyin ilektirolait sun lotse sun haɗe da juna, babu sauran ƙwayar da za a auna, don haka saka D50 a da'awar batiri hanyar haɗawa ce ta sake shigowa a fakaice.

Shi ma matsin ka sake duba yadda kuka rubuta shi. Tan 3 a mazubin milimita 10 MPa 375 ne, a na milimita 13 kuwa 222 ne kawai. Wasu takardun lambar da ke kan agogon injin suke rubutawa, wadda matsin man da ke cikin silinda ne, ba wanda ya sauka kan gari ba. Injin da ke matse abu tsakanin gangunan ƙarfe biyu masu juyawa kuwa, da nauyi a kan kowane santimita na tsawon gangar ake auna matsinsa, ba ya juyuwa zuwa MPa kai tsaye. Matsi daga kowane ɓangare, inda ake rufe batirin a jaka a nutsa shi cikin ruwa mai matsi, kamar yadda masu binciken Samsung suka yi da MPa 490 a batirinsu mai shimfiɗar azurfa da kabon a 2020, yana ba da ƙira dabam da ta matsin sama da ƙasa ko da lambar ɗaya ce. Wannan wuri yana iya zama mafitarka. Idan ka lissafa da kyau ka ga takardar da aka kawo maka ba ta cikin iyakokinka, ka rubuta lissafin filla-filla a amsarka, jami'ai suna karɓar irin wannan. Ka kuma raba matsin haɗawa da matsin aiki. Na farko na 'yan mintuna ne a ɗaruruwan MPa, na biyu shi ne wanda maƙalar ƙarfe ke riƙe batirin da shi yana caji. Idan anod ɗin litiyam zalla ne, na biyun 'yan MPa kaɗan ne, domin litiyam yana da laushi ƙwarai, in aka matsa shi da yawa sai ya kutsa cikin kafofin ilektirolait ya haɗe gefen biyu, batirin ya mutu tun bai fara aiki ba. Jami'i yakan gauraya biyun, kuma nuna masa bambancin yana iya kawar da tsohuwar takardar sukutum.

To me zai gyaru? Ka tambayi kanka wace alama tsarin dannawarku ke bari a jikin batirin, wadda wani da bai ga injinku ba zai gane idan ya yanka ya duba. Dokar Amurka ma ta bar wannan ƙofa a buɗe: tun hukuncin Garnero na 1969 an yarda cewa kalmar da ke kama da bayanin aiki tana zama bayanin ƙira idan aikin yana barin tabo na musamman a jikin abin. Idan kuna danna kowace shimfiɗa da nata matsin kafin a haɗa, wataƙila kafofi suna raguwa daga gefe zuwa gefe ta yadda za a iya aunawa. Idan kuna barbaɗa gari kan garin da bai gama danƙarewa ba, mahaɗar shimfiɗun biyu za ta zama mai haƙora, ƙwayoyin katod sun nutse cikin ilektirolait zuwa wani zurfi, saɓanin faifai biyu da aka gama aka ɗora, masu mahaɗa sumul. Idan tsarinku yana hana ƙwayoyin katod fashewa, ko yana kare siririn rufin kariya na sinadarin LiNbO3 da ake yi musu, wanda kaurinsa nanomita ne kawai, to a ƙirga kason fasassun ƙwayoyi a hoton yanki. Baki ma wuri ne mai albarka. A matsin sama da ƙasa gari yana gogar bangon mazubi, bakin faifan ba ya danƙaruwa daidai da tsakiyarsa, a nan yake gutsurewa, garin katod ya gangaro ya taɓa anod. Duk wata ƙira da ta magance wannan, kamar faɗin shimfiɗun da ya bambanta ko zoben kariya, abu ne da ake gani da ido, ba ya bukatar dogon musu.

Amma akwai katangar da ba a tsallakewa: ba ka da ikon ƙara abin da babu shi a takardar ranar da aka shigar da ita. Sashe na 123(2) na Turai ba ya sassauci ko kaɗan. In hanyar awon kafofi ba ta cikin bayaninku na asali, ba za ka shigo da ita yanzu ba, kuma abin da ya fi shi ne ka cire ma'aunin daga zama ginshiƙin da'awar ka jingina ta kan wani abin da aka bayyana sosai. Ko tsinto lamba guda daga misali na 3 ka mayar da ita iyaka ga kowane irin batiri, ka bar sauran sharuɗɗan misalin a baya, Turai tana ƙi. Tun ran gini ake zane, shi ya sa takardun kamfanonin da suka daɗe a fannin suke cike da sakin layi masu gundura kan na'urar awo da girman hoto da yawan wurare. Ka zauna da lauyanku ku tsefe bayanin da zane-zanen layi bayan layi, sau da yawa abin da zai cece ku yana kwance a wani zanen yanki da ba ku ɗauke shi da muhimmanci ba.

Sakamakon gwaji kuwa ana iya kawo sabo, amma don ya tabbatar da abin da aka riga aka faɗa. A Amurka ta takardar shaida ƙarƙashin ƙa'ida ta 1.132 ake shigar da shi. A Turai hukuncin G 2/21 na 2023, na babban kwamitin ɗaukaka ƙara na ofishin, ya ce ba a watsi da hujja don kawai ta zo bayan shigar da takarda, muddin tasirin da ake dogara da shi yana cikin koyarwar takardar tun farko, sai dai ba ta cike giɓin bayanin da bai isa a iya haɗa abin ba. Gwajin da ke aiki shi ne wanda ka sake haɗa misalin takardar da jami'in ya kawo, da garinta da matsinta, ka auna shi da hanyarka, ka nuna ya faɗi waje. Kada ka kwatanta da wani gurgun batiri da ka zaɓa da kanka, ba mai kula shi. Abu guda za ka canza, sauran su tsaya: buhun gari guda, nauyin katod guda, matsin aiki guda, zafi guda, a rufaffen akwatin aiki guda mai cike da iskar agon, domin ɗan danshi kaɗan yana canza sakamako. Ka haɗa aƙalla uku a kowane sharaɗi, batirin mazubi yana da taurin kai, biyu da hannu ɗaya ya haɗa sukan bambanta. Kuma in kana cewa 300 zuwa 500 na musamman ne, sai an ga sakamakon gwaji a matsin da ke ciki da wanda ke waje, kamar 250, 300, 400, 500, 550, kuma an ga wani abu ya karye a iyakar. In aka zana sakamakon, layin da ke hawa a hankali yana ƙarfafa hujjar jami'in ne. Abin da ke juya shi shi ne tudu: ƙasa da 300 kafofi sun yi yawa, sama da 500 ƙwayoyin katod sun fara fashewa har ƙarfin batirin ya sauka. Hujjar kuma ta yi daidai da faɗin da'awar. In da Li6PS5Cl kaɗai kuka gwada, ku taƙaita da'awar ga ilektirolait mai farar wuta ko ga danginsa, domin "daskararren ilektirolait" ya haɗa da oksaid wanda wannan matsin ba zai kai kafofinsa ƙasa da kashi 10 ba, kuma daga nan sai a buɗe muku sabon babi na rashin cikar bayani a sashe na 83 na Turai.

Tun da ka ce tsarin dannawar ne ba wanda ya taɓa bi, to da'awar hanya ita ce dukiyarku ta gaskiya: jerin matakan, matsin kowane mataki, tsawon lokacinsa, zafinsa, da abin da ake fara zubawa. A nan kowane mataki ana lissafa maka shi. Rauninta shi ne wahalar kama mai kwaikwayo, tunda a rufe yake aiki cikin masana'antarsa, amma ba banza ba ce. Sashe na 64(2) na Turai yana miƙa kariyar hanya ga abin da aka samu kai tsaye daga gare ta, sashe na 271(g) na Amurka kuma yana hana shigo da kayan da aka yi da hanyar a wata ƙasa. Idan jami'in Amurka ya riga ya sa kun zaɓi batiri kun ajiye hanya, ku shigar da takardar rabuwa, wato sabuwar takardar nema kan hanyar kaɗai, tun uwar takardar tana raye, in ta rufe damar ta tafi. A amsar Turai kuma ku bi salonsu: ku yarda da takardar da ta fi kusa da taku, ku faɗi bambancin a jimla ɗaya, ku nuna abin da bambancin ke haifarwa da lambobi, sannan ku bayyana dalilin da masanin fannin ba zai bi wannan hanya ba, musamman in tsofaffin takardun suna koyar da akasinta, misali suna cewa a danna komai lokaci guda da mafi girman matsi.

In kun yi rajistar abin a Najeriya ma aka ba ku takarda ba tare da tambaya ba, kada wannan ya ruɗe ku. Dokar Najeriya ta 1970 tsarin takardu kawai ta sa magatakarda ya duba, ba ya binciken sabunta, kotu aka bar wa wannan, don haka ba hujja ba ce a Munik ko a Amurka.

Lokaci kuma yana tafiya. Amurka wata 3 take bayarwa, ana ƙarawa da kuɗi har zuwa 6, daga nan takardar ta mutu. Turai yawanci wata 4 ne, ana iya neman ƙarin 2. Gwajin kwatanci da caji da sauke caji zagaye 50 a hankali yana cin makonni da yawa, don haka a fara haɗa baturan a makon nan, kafin a gama rubuta amsa. Kafin a aika ta kuma, lauyanku ya nemi ganawa da jami'in Amurka ta waya ko bidiyo, kyauta ce, ya tafi da hotunan yanki biyu gefe da gefe, naku da na misalin da aka sake haɗawa, da sabon lafazin da'awar a rubuce, ya ji daga bakinsa wace kalma ce har yanzu take damunsa.